Hayaƙin da Ya Jingina da Bango

Jikata mai aikin jinya ce ta ba ni wannan labari, muna zaune tana matsa min ƙafa. A ɗakin jarirai take aiki. Rabin abin a gaban idonta aka yi, sauran rabin kuma daga bakin mai shi ta ji. Na ce bari in kawo muku shi nan, ku ma ku ɗanɗana.

Akwai wata mata, dakta ce, amma ba irin ta allura ba, ta lissafi ce. A jami'a take koyarwa, kowa Malama yake ce mata. Aikinta kuwa in kun ji sai ku yi dariya: hayaƙi take lissafawa. Ka gaya mata faɗin bakin bututu, da zafin abin da ke fita, da ƙarfin fitarsa, sai ta zauna da biro da kwamfuta ta faɗa maka inda hayaƙin zai kai, da yadda zai baje, da inda zai gaji ya tsaya.

Ashe hayaƙi ba haka kawai yake tashi ba. Yana hawa yana murɗawa, yana haɗiyar iskar da ke kewaye da shi. Iskar nan ita ke faɗaɗa shi, ita ke sirka shi har dafinsa ya ragu, ita ce kuma ke sanyaya shi. Yawan iskar da yake sha a hanya, nan gindin lissafin yake.

To, Malama na da ƙanwa, autarsu, wadda ta haifi bakwaini. 'Yar mace, ba ta fi tafin hannu biyu ba, aka sa ta a kwalba. Ɗakin jariran asibitin kuwa tsoho ne, matsattse, in an yi ruwa sai an jera bokitai. Amma an gama sabon gini mai tsawo a gefe, an ware hawan ƙarshe don jarirai, har an sa ranar tashi.

Ana gobe za a kwashe su, Malama ta je duba Auta da hantsi. Da za ta tafi sai ta bi ta baya, inda ta ajiye mota. Nan ta ga ɗakin manyan injinan wuta na asibitin, da bututun hayaƙinsu gajere mai kauri. Sabon ginin ya tashi dab da shi, tsakaninsu bai fi ka miƙa hannu ka taɓa ba. Ta ɗaga kai ta bi bangon da ido har sama. Daidai saitin bututun, tagogin sabon ɗakin jarirai ne.

Mukullin mota na hannunta, ta fasa buɗewa. Ta juya ta nufi ofishin shugaban asibitin.

Shugaban mutum ne mai fara'a, amma ranar kansa ya ɗau zafi, wayoyi biyu ke kuka a gabansa. Ya saurare ta da rabin kunne.

Ya ce, "Malama, ki kwantar da hankalinki. Lissafin bututun nan ba ƙaramin mutum ne ya yi ba, Farfesa ne da kansa."

"Yaushe ya yi shi?"

"Tun da aka kafa injinan."

"Lokacin akwai wannan dogon ginin?"

"Babu. Amma kwanan nan na kira shi a waya, ya ce lissafinsa ba ya tsufa." Ya duba agogo. "Gobe da safe akwai zaman manyan asibiti kafin a fara kwashe yaran. Shi ma zai zo, shi ne babban baƙo. In kina da magana, ki zo ki yi ta a can."

Yanzu bari in gaya muku ko wane ne Farfesa a wurinta. Malaminta ne, shi ya duba aikinta na digirin ƙarshe. Ranar da ta tsaya kare aikin, ɗaki cike da mutane, har da maigidanta, ta yi ɗan tuntuɓe a wani layi. Farfesa ya cire tabarau ya ce, "Yarinya, hayaƙin da kika sani na kicin ne, ki koma can." Aka yi dariya. Ta ci jarrabawar daga baya, ta zama abin da ta zama, amma maganar nan ta zauna mata kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ko a taro suka haɗu, gaisuwar nesa ce.

Ba zan ɓoye muku ba, da ta fito daga ofishin nan abu biyu ne a ranta. Akwai tsoro saboda 'yar Auta. Akwai kuma wani daɗi a ƙarƙashin tsoron, irin na wanda ya daɗe yana jiran rana ta fito.

Ta koma ofis ta zauna kan lissafi, ko ruwa ba ta sha ba. Abin ya fito yadda ta zata. Farfesa ya lissafa hayaƙin da ke tashi a sarari, mai shan iska ta kowane gefe. Wannan kuwa bango ya tare masa gefe guda. Hayaƙin da ya rasa iska ta gefe ɗaya, can yake karkata, ya manne da bangon ya bi shi, bai sirku ba, da kaurinsa da dafinsa, har ya sami taga.

Ta kuma samo magani mai sauri: a ja bututun zuwa tsakiyar filin da ke tsakanin gine-ginen, nesa da bango. Masu walda za su gama a yini guda, ba sai an ɗaga ranar tashi da yawa ba. Ta shirya hotuna da zane, ta ma shirya kalmomin da za ta faɗa in ta juyo ta kalli tsohon.

Bayan azahar ta koma asibiti ta gaya wa Auta. Auta na zaune a bakin gado tana tatsar nono a ɗan kofi, idanunta sun faɗa don rashin barci. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Yaya, in tambaye ki?"

"Tambayi."

"'Yata za ki ceta, ko tsohon za ki kayar?"

"Duka biyun."

"Wanne ne a gaba?"

Malama ta ɓata rai. "Ke fa ba ki da kunya. Ni na goya ki."

"Na sani, har kika yar da ni a bakin ƙofa, ga tabon nan. Yaya, na ga fuskarki da kika shigo. Rabon da in ga kina sheƙi haka tun ranar aurenki. Mutum ba ya zuwa da labarin hayaƙi zai shiga huhun jarirai yana murmushi."



Auta ta ce, "In kika tsige shi a gaban mutane, zai miƙe ya kare kansa. Su kuma wa za su bi, ke ko mai furfura? Ku yi ta musu da harshen da ba mai ji, a gaji a ce a kwashe yara tukuna, a duba daga baya. Ni ban san lissafi ba, amma na san taron manya."

"To me kike so in yi?"

"Ki je gidansa."

"Ni?"

"A'a, ni, da ɗinkin haihuwa a jikina."

Malama ta daɗe a mota ba ta tayar ba. Daga nan ta ɗauki hanyar gidan da ta rantse ba za ta sake takawa ba.

Matar Farfesa ce ta buɗe mata, ta riƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, ke ce? Kin yar da mu." Shi kuwa yana kan kujera a baranda, bargo a gwiwa, ya rame, hannunsa na ɗan rawa. Amma bakin yana nan yadda ta san shi.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta, a hankali, tana zaɓen kalma.

Bai ko karɓi takardun ba. Ya ce, "Wato kin zo gyara min lissafi."

"Malam, ginin ne ya canza, ba..."

"Kafin a haife ki nake wannan aiki. Ku yaran yanzu, kwamfuta ta zana muku hoto mai launi, sai ku ɗauka kun ga gaskiya. Wa ya aiko ki? Kujerata ta gobe kike so? Ɗauki, ki zauna."

Matarsa ta ce daga ƙofa, "Haba Malam, baƙuwa ce fa."

"Baƙuwar da ta zo da wuƙa a zani."

Jinin Malama ya tafasa. Ta miƙe, ta tattara takardunta. A ranta ta ce shi ke nan, na fita haƙƙinsa, gobe ma rana ce. Har ta kai bakin matakala. Sai 'yar kwalbar nan ta faɗo mata a rai, da ƙirjinta mai ɗagawa kamar na ɗan tsako.

Ta dawo. Ta sake durƙusawa, wannan karon har ƙasa.

Ta ce, "Malam, ban zo gyara naka ba. Nawa nake so ka duba min, kamar yadda ka saba. Wataƙila ni ce na yi kuskure. 'Yar ƙanwata na cikin yaran da za a hau da su gobe. In na yi kuskure, gara ka kama ni yau."

Allah kaɗai ya san abin da maganar nan ta ci mata. Ta ce da jikata ji ta yi kamar tana haɗiye tsakuwa.

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau. Ba abin da yake so a duniya kamar kama kuskuren ɗalibi. Ya ce da matarsa, "Miƙo min sandata."

Ɗakin gwajinsu na jami'a suka je, rana ta yi sanyi. A can akwai wani babban tankin gilashi cike da ruwa. Ga yadda suke yi, ni ma sai da aka maimaita min: ba hayaƙi suke kunnawa ba. Ruwan gishiri suke rinawa da shuɗi, su sake shi ta ɗan bututu daga sama. Da yake ya fi ruwan tankin nauyi, sai ya yi ƙasa yana murɗawa yana faɗi, daidai yadda hayaƙi ke yin sama. Komai a kife ke nan. In ka juya hoton, ka ga hayaƙi sak.

Malama ta buɗe ɗan famfon. Shuɗin ya sauka ta tsakiyar tanki, siriri a baki, yana buɗewa kamar siket, launinsa na raguwa har ya kusa ɓacewa.

Farfesa ya buga sanda a ƙasa. "To, ga lissafina nan. Me kuma?"

Ta ɗauko wani falle na gilashi mai tsawo. Ba ta saka da kanta ba, ta miƙa masa.

"Malam, ga sabon ginin. Ka sa shi da hannunka, kusa da bakin bututun."

Ya zura shi cikin ruwan, ta tallafa masa gefe guda. Suka jira ruwan ya natsu. Ta sake buɗe famfon.

Shuɗin ya fito, ya ɗan yi kamar zai bi tsakiya, sai ya karkata. Ya lafe a jikin gilashin kamar yaron da ya ga baƙo ya manne wa uwarsa. Ya bi shi har ƙasa, matsattse, launinsa kusan yadda ya fito.

Ƙarar ɗigon famfo kawai ake ji.

Can tsohon ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Haka suka matso da ginin?"

"Ba ka je ka gani ba, Malam?"

"Ban je ba."

Ya nemi kujera ya zauna. Malama ta jira daɗin nan da ta daɗe tana tanadi, bai zo ba. Wani tsoho kawai ta gani, ruwa ya jiƙa masa hannun riga.

Ya ce, "Me za ki ce su yi?"

Ta nuna masa zanenta: a ja bututun tsakiyar fili. Ya karanta layi-layi da ɗan yatsa, bakinsa na motsi. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Sai ya ɗago.

"Iskar wane lokaci kika sa a nan?"

"Ta yau da kullum. Ta rana."

"Jariran naki da rana kaɗai suke numfashi?"

A ranta ta ce ga shi nan, an kama shi, yanzu yana neman inda zai ja ni mu faɗi tare.

"Malam, lissafin daidai yake."

"Ban ce ba daidai yake ba. Nawa ma daidai yake." Ya dafa sanda ya miƙe. "Gobe da sassafe, kafin rana ta fito, ki same ni a hawan ƙarshe na ginin nan. In kin ga dama."

Ta so ƙwarai ta ƙi zuwa. Tana da hujjarta a hannu, ya gani da idonsa, me ya rage? Amma ita ce ta ce ya duba mata, ba ta iya janye maganar ba.

Gari bai gama wayewa ba ta isa. Na'urar hawa bene ba a kunna ta ba tukuna, sai ta tarar da shi a tsakiyar matakala, yana hutawa, yana haki. Ta karɓi sandar, ya dafa kafaɗarta, suka ƙarasa.

Sabon ɗakin fes, yana ƙamshin fenti. Kwalaben jarirai a jere cikin leda, har da balan-balan da aka ɗaura a ƙofa. Farfesa ya wuce kai tsaye ya buɗe taga.

"Zo ki gani."

Bayan katangar asibitin akwai gidan burodi, sun riga sun hura wuta. Bututunsu a sarari yake, ba bango kusa. Ko ganye ba ya motsi. Hayaƙin ya tashi sambal, yana faɗi, yana hawa. Sai ya tsaya cak, kamar ya bugi silin. Ya kwanta, ya shimfiɗu gefe da gefe kamar tabarma, a iska, kusan daidai da idonsu.

Farfesa ya ce, "Da safe haka iskar hawa-hawa take. Mai sanyi a ƙasa, mai ɗumi a sama kamar murfin tukunya. Hayaƙin da ke sarari ta ko'ina yake shan iskar sanyin nan, sai ya huce da wuri. In ya iso murfin ba shi da sauran ƙarfi, sai ya kwanta. Tankinki jiya ruwansa iri ɗaya ne daga sama har ƙasa, shi ya sa bai nuna miki ba. Kin san wannan, ni na koya miki. Sauri ne ya sa kika tsallake."

Malama ta zaro biro, ta ɗora takarda a bakin tagar, ta sa zafin injinan asibitin da irin iskar wannan safiya. Ta lissafa inda hayaƙin zai kwanta in an ja bututun tsakiyar fili. Ta kalli amsar. Ta soke, ta sake daga farko. Amsar ba ta canza ba.

Hawan da suke tsaye a kai ne. Filin kuma gine-gine sun kewaye shi, ba inda hayaƙin zai tsere.

Ta zauna a ƙasa. Da ta bi zuciyarta jiya, da yau ta ci nasara a taro, an tafa mata, an kira masu walda. Ba kuma wanda zai duba nata, domin mutum ɗaya da zai iya dubawa ta riga ta binne shi da ransa.

Tsohon ya ce, "Nawa ya hau bango ya shiga ta taga. Naki ya kwanta a bakin taga yana jiran a buɗe masa. Tashi, ƙasa da sanyi."

"To yanzu fa, Malam?"

"Kin sani."

Ta sani. Sai dai a ɗaga bututun ya bi ginin har ya wuce rufin da tazara mai kyau. Wannan kuwa ba aikin yini ba ne, na makonni ne.

Da hantsi aka zauna taro. A waje an kafa rumfa, an ɗaura ƙyallen da za a yanka. A tsohon ɗaki kuma jikata da abokan aikinta sun riga sun naɗe kayan jarirai, sun jera kekunan turawa, umarni kawai suke jira.

Shugaba ya gabatar da Farfesa da kirari mai tsawo. Tsohon ya miƙe, bai ko yi godiya ba.

Ya ce, "Kada a hau da yaran nan yau. Lissafin da na yi muku na asibitin da babu shi ne yanzu. Ka kira ni a waya, na amsa maka daga kan kujera, ban zo na duba ba. Laifina ne. Wannan Malama ce ta gano."

Fuskar shugaba ta canza.

"Farfesa, baƙi na waje. Ka san halin da tsohon ɗakin yake ciki? Jiya ma sai da muka matsar da kwalba saboda yoyo."

Wani daga cikin manyan ya ce, "Ai na ji an ce Malama na da gyara na yini guda. A ja bututun gefe, shi ke nan."

Duk suka juyo gare ta. Zanen na cikin jakarta, mai kyau, mai launi. Da ta fito da shi, da ita ce gwanar ranar.

Ta ce, "Shi ma ba zai yi ba. Na yi kuskure a ciki. Malam ne ya nuna min da safen nan."

Shugaba ya yi wata dariya mara daɗi. "Madalla. Shi ya yi kuskure, ke kin yi kuskure, kuma ku biyun kuke so in rushe shirina a kan maganarku."

Farfesa ya ce, "Da ɗayanmu ne kaɗai ya zo maka, da ka ji tsoro. Ta duba nawa, na duba nata. Abin da ya rage bayan nan shi muka kawo."

"Ni ban ga hayaƙi ba, takarda nake gani. In na bar yaran a can wani abu ya same su, ni za a tambaya, ba lissafi ba." Ya ɗauki waya. "Za a kwashe su. A rufe tagogin, a yi gyaran daga baya."

Daidai abin da Auta ta faɗa.

Malama ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, kafofin shan iskar ɗakin ma a wannan bangon suke, rufe taga ba zai hana ba. 'Yar ƙanwata na cikin yaran nan, na fi kowa son ta bar ɗakin yoyo. Abu ɗaya nake roƙo. Ɗakin ba kowa yanzu. A tayar da injinan duka, yadda ake yi in an ɗauke wuta, mu hau mu tsaya a ciki. In ka iya zama, a kawo su."

Ya dube ta, ya dubi mutane. Ba yadda zai ce a'a.

Suka hau gaba ɗaya, har da babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin jarirai, wata mata mai jiki wadda ba ta cika magana ba. Ta kira jikata ta ce ta zo da farin zanen gado. Suka rataya shi a taga.

Aka tayar da injinan. Ginin ya ɗauki rugugi.

Da farko ba komai. Shugaba ya harɗe hannu yana kallon agogo. Iska ta ɗan motsa daga wani gefe, Malama ta ce a ranta in ta kore shi yau kaɗai fa? Ta dubi Farfesa. Idonsa a rufe, ya jingina da bango, leɓensa na motsi.

Sai wari ya fara shigowa. Wani ya yi tari, wani ya bi. Jikata ta leƙa ƙasa, ta ce ta ga abin da idonta: hayaƙin ya lafe a jikin bango yana hawowa kamar ƙadangare. Kafin a jima gefen farin zanen ya yi toka-toka, idon kowa na ruwa.

Babbar ma'aikaciyar ta sauke zanen, ta ninke, ta ɗora wa shugaba a hannu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yanka ƙyallenka, baƙi su ci abinci. Amma ɗa ko ɗaya ba zai shigo min nan ba."

Shugaba ya daɗe yana kallon zanen. Ya goge ido, ya ce a kashe injinan, a kuma nemo masu gyaran rufi su hau tsohon ɗaki yau ɗin nan.

Da suna saukowa, Farfesa na dafe da kafaɗar Malama, ya ce, "Tsawon sabon bututun, ke za ki lissafa, in duba."

Ta ce, "A'a Malam. Kowa ya yi nasa a ɗakinsa, mu zo mu haɗa."

Ya yi ɗan tsaki. "Har yanzu kina da taurin kai."

"A wurinka na koya."

Haka aka yi. Lissafinsu ya zo kusan ɗaya, suka ɗauki wanda ya fi tsawo. Aka ɗaga bututun ya wuce rufi, aka sake gwadawa da rana da kuma sassafe, sannan aka hau da jarirai. 'Yar Auta ta yi kwanakinta na ƙarshe na kwalba a sabon ɗakin, dab da taga. Jikata ce ta cire ta ta miƙa wa uwarta ranar sallama, ta ce kukanta har ƙasan bene ana ji.

Ni kuwa da na ji labarin nan, washegari da safe na zagaya bayan ɗaki. Ɗan injin wutar da ɗana ya saya mana yana nan manne da bango, daidai ƙarƙashin tagar da jikokina ke kwana. Na taso ɗan nawa daga barci na ce ya zo ya ɗauke. Ya ce, "Mama, da sassafen nan?" Na ce da sassafen nan. Yana gunaguni ya kinkime shi zuwa can ƙarshen gida.

Darasi: In ka ga kuskuren wani, ka same shi shi kaɗai kafin ka tara masa jama'a, domin wataƙila idon da zai ga naka kuskuren a kansa yake. Mai girman kai ba ya zuwa ya duba, mai ramuwa kuma sauri ke makantar da shi, kuma marasa laifi ne ke shaƙar hayaƙinsu. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san yana riƙe da wani a zuciya.